Jinin Gwaggo da Muka Kai wa Malam

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu. Ta cika ranar wata Talata da hantsi a Rawayya, gero ya fara fid da kai, shekara biyu bayan an ba mu jiha. Yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, ita ta riƙe ni har na tafi makarantar koyon jinya, na dawo na kama aiki a Gusau. Kwana bakwai na zauna makokinta, kuma tunda nake ban taɓa zama cikin taron da ya tayar mini da zuciya irin wannan ba.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce surukarta, matar Yaya, babban ɗanta. Da ta ji sallamar baƙi sai ta ɗora hannu a ka. "Uwata ta tahi ta bar ni! Wa zai riƙe ni yanzu?" Matar nan fa wata huɗu cur ba ta taka ɗakin Gwaggo ba. A bakin ƙofa take dire kwanon tuwo, ta tura shi ciki da ƙafa. Maƙwabta suna shigowa layi-layi, kowacce da abin faɗinta. Wannan ta ce ai ta huta. Waccan ta ce ciwon ajali ne, ba ya jin magani. Wata tana share hawaye da gefen mayafi, da ɗaya gefen kuma ta toshe hanci, ta karkato tana tambayata a hankali ko an ƙona katifar. Wata kuma ba a ko yi sadakar uku ba ta fara bincike, wai babban kaskon suyar gyaɗa wa za a bar wa. Tir!

A waje maza suna gindin dalbejiya, Baba yana karɓar gaisuwa. A ce masa ya aka ji da haƙuri, ya ce da godiya. In wani ya matsa ya tambayi abin da ya same ta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ciwon mata ne," kamar yayar tasa sata ta yi aka kama ta.

Duk wannan da na haɗiye, don na saba ganin irinsa. Abin da ya hana ni shi ne abin da na gani ranar kwana biyu. An kira azahar, mata suka tashi neman buta, sai na ga ƙanwarta da ke aure a Tsafe, wadda muke kira Gwaggo Ƙarama, ta gyara zama ta miƙe ƙafa. La'asar ta yi, nan ma ba ta motsa ba. Mace ce da ta ba sittin baya, ta aurar da jika, kuma jiki irin na 'yar'uwarta sak. Na matsa kusa na ce, "Gwaggo, ko ƙafar ce ta hana?"

Ta yi 'yar dariya ta rufe baki. "Hwashin salla nike, ɗiyar ga. Abin nan na yarinta ne ya dawo man, wata na uku ke nan."

Da irin wannan dariyar aka fara da Gwaggo. Na duba fuskarta na tabbata in aka bar ta, baɗi war haka a Tsafe za mu shimfiɗa tabarmin nan. Saboda ita nake wannan rubutu, kuma saboda kada a ce Gwaggo ta tafi ba wanda ya faɗi ko wace ce ita.

Mai man gyaɗa ce. Duk Rawayya da ƙauyukan da ke kewaye, har cikin Bunguɗu, in aka ce man Gwaggo an gama magana. Takan damƙi gyaɗa ta girgiza kusa da kunne, ta ce wannan ba ta gama bushewa ba, a mai da ita rana. Ba ta taɓa yarda wani ya soya mata ba. Ita ke zama gaban kasko, ita ke murjewa ta sheƙe, in an dawo daga inji kuma ta rungumi turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso. Ƙuli-ƙulinta ba ya karya haƙori. Komai na gidan ƙamshin suya yake, zannuwanmu, littattafaina, har kajin gidan. A makaranta ko ban faɗi daga inda nake ba, hancin mutane ya gaya musu.

Allah ya ba ta jiki, ita kuma tana alfahari da shi. In za ta Gusau, Yaya, da yake direba ne, gidan gaba yake bar mata ita kaɗai. Rama ce abin ƙinta a duniya. Duk 'yar da ta shigo gaishe ta, kafin ta amsa sai ta kamo damtsenta ta matsa. In ta ji ƙashi sai ta ɓata rai. "Wa ya ramar man da ke? Mijin naki ba shi da hatsi?" Daga nan sai kwano, sai mai har ya kwanta saman miya. Ba ta cewa bismilla, cewa take, "Ci, ba kallo na kira ki ba." Ni da Allah ya yi ni siririya na sha wannan faɗan har na girma. Malamar allura take ce mini, wai allurar da nake yi wa mutane ce ta shanye ni na koma kamarta.

Tana da faɗa, ba zan ɓoye ba. In ta tsani abu, unguwa sai ta ji. Amma duk matar da ta haihu a unguwar, kafin ranar suna kwalbar mai ta isa ɗakinta, ko suna shiri ko ba sa yi. Akwai kuma abin da ta yi ina 'yar shekara goma wanda har yau nake auna mutane da shi. Wata baiwar Allah daga wajen Wanke ta sha doguwar naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta samu yoyon fitsari. Ta zo wurin danginta a garinmu, suka ware mata tabarma a bayan rumbu saboda zarni. Gwaggo ta ji labari, ta saɓa mayafi ta je ta kamo hannunta, ta kawo ta cikin ɗakinmu. Da hannunta take wanke mata tsummokara ta shanya, kwano ɗaya suke ci. Ranar da na yamutsa fuska na ja baya, ta dalla mini mari. "Hancinki ya hi nata daraja ne?" Shekara guda matar ta yi a wurinmu kafin a samu a kai ta a yi mata aiki. Kada ku zaci ta dawo ta rama alheri, ta riga Gwaggo rasuwa da daɗewa.

To, wannan ce matar da jini ya dawo wa, bayan shekara goma sha biyu da ɗaukewarsa, mijinta ma ya daɗe a ƙasa. Abin da ya fara damunta salla ce. Mace ce da ba ta wasa da lokaci, sai ta rasa ko ta yi ko ta bari. Ta gaya wa surukarta, suruka ta gaya wa Yaya, Yaya ya ji nauyi ya kai wa Baba, Baba ya kai wa Malam, limamin unguwa. Kun ji hanyar da maganar ta bi. Asibiti na nan, mota na ƙofar gida, ni ina Gusau ina karɓar haihuwa kullum, ba wanda ya tuna da ko ɗaya.

Malam bai yi laifi ba, don daga baya na tambaye shi da bakina. Cewa ya yi macen da ke tsakanin hamsin da saba'in, matan da suka san abin ake tambaya. In sun ce haila ce ta bar salla, in sun ce ba ita ba ce, jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta yi sallarta, kuma a nema mata magani. Baba ya ɗauko rabin farko ya kawo gida, ya bar rabin ƙarshe a zauren Malam. Aka tara tsofaffi uku, ungozomar unguwa da maƙwabta biyu, suka zauna inuwar rumbu aka kawo musu ƙunzugu, tsumman da take tare jinin da shi. Suka duba launi, suka shinshina, suka yanke cewa haila ce. Sai gida ya kaure da shewa. Gwaggo ta koma ɗanya! A kwaɓa lalle! A nemo mata tsoho mai sauran ƙarfi! Ita ma tana dariya tana zaginsu.

A bakin suruka na ji, ranar wata Asabar da na zo, tana ba ni labari tana tafa hannu. Kafin ta rufe baki na san abin da ake ciki. Tun muna makaranta an nanata mana cewa jinin da ya zo wa mace bayan ta daina al'ada, a ɗauke shi da zafi har sai an tabbatar ba mugu ba ne. Malam ya ce a tambayi matan da suka sani. Duk dangi ni ce matar da ta sani. Ba a tambaye ni ba, ni kuma ban buɗe baki ba. Ta yaya zan dubi matar da ta goya ni in tambaye ta abin da ke ƙarƙashin zaninta? Sai na zagaya na sami Baba a shagonsa a kasuwar Gusau, na yi ta kewaye-kewaye, wai ya kamata a duba lafiyar Gwaggo. Ya ce, "Malam ya riga ya yi magana, tsofaffi sun duba. Ke kin hi su ne?" Na ce a'a. Na koma bakin aikina, ina gaya wa matan wasu abin da na kasa gaya wa tawa. Wata bakwai na yi a haka, kuma duk sanda na tuna sai in ji ƙyamar kaina.

Ranar da na yi magana, na sami Gwaggo gaban turmi tana matsar mai. Ta yi fari, leɓɓanta sun bushe, tana juyawa tana hutawa. Na ga tsummokara a shanye a bayan ɗaki, sun fi ƙarfin al'adar kowace mace. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, jinin nan ba haila ba ne. Ciwo ne, kuma ina jin tsoronsa."

Ta saki muciya. "Wa ya aike ki?"

Na ce ba kowa. Tunda bakin ya buɗe sai na zube mata duk abin da na sani, a yadda za ta gane. Na ce cikin mahaifa akwai shimfiɗa. Mace tana da gidajen ƙwai biyu a gefen mahaifar, su ke sako wani sinadari cikin jini, likitoci na ce masa istrojin, shi ke ce wa shimfiɗar nan ta yi kauri. Bayansa sai wani sinadarin ya zo ya ce ya isa haka. In ciki bai shiga ba, akwai wasu ƙananan 'yan aike da mahaifar ke haɗawa daga maiƙon da ke jikinta, su ke sa ta murɗa ta zubar da shimfiɗar, su ne ma ke kawo ciwon mara. In mace ta manyanta, gidajen ƙwan sai su rufe, mai cewa ya isa ya tafi. Amma kitsen jiki ba ya yin shiru. Shi ma yana haɗa istrojin kaɗan-kaɗan, in kitsen na da yawa abin ya taru. Sai shimfiɗar ta yi ta kauri ba mai tsai da ita, kamar gyaɗar da aka bari a kasko mai suya ya tafi unguwa. Wani lokaci kauri ne kawai, wani lokaci ya rikiɗe ya zama ciwon daji.

Ta bar ni har na kai aya. Sannan ta ce, "Kitse shina magana ke nan?"

Na ce, "Yana yi, Gwaggo."

"To mi yac ce maki? Ya ce ki zo gidana ki zagi jikin da Allah ya ba ni? Ko man nan da na tatsa na kai ki makaranta da shi, shi ne yau ya zama guba?"

Na rantse mata ba man turminta nake nufi ba, kuma ba duk mai jiki ke gamuwa da wannan ba, siririya ma yana kama ta. Ina! Ta riga ta hau. Ta ce na je birni na koyo rashin ta-ido, na zo ina leƙa tsummanta kamar kaza. Ta ce tsofaffi uku sun duba, kowacce ta haife ni. Ta ce in tashi in ba ta wuri kafin ta kwara mini ruwan zafin nan. Na tashi. Kuma ku ji wautar da na yi: fushi na yi. Ni mai ilimi an wulaƙanta ni, saboda haka wata biyu ban taka Rawayya ba. A cikin duk bayanin da na zuba mata ranar, na manta kalma ɗaya, ban gaya mata abin yana da magani ba.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi gaban kasko sannan Yaya ya sako ta a mota. A Gusau aka ƙara mata jini, aka ɗan kankaro shimfiɗar aka aika gwaji, aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Likitan da ya gan ta mutum ne mai haƙuri. Da ya ji ni ma'aikaciyar jinya ce sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce su kansu ba su gama gane yadda 'yan aiken nan na maiƙo ke hulɗa da istrojin a cikin mahaifa ba, wasu na zuga girman, wasu na taka masa birki, ana kan bincike. Amma abin da ya shafe mu a fili yake. Ciwon ya fita daga mahaifa ya kama maƙwabtanta. Ya ce irin wannan ciwon yana da kirki ɗaya, da wuri yake nuna kansa da jini, kuma in an zo a lokacin, sau da yawa cire mahaifar ake yi mace ta koma gidanta.

Gwaggo na kwance tana jinmu. Ta ce in fassara mata abin da ya faɗa da Turanci, kar in rage komai. Na fassara. Sai ta ce, "Cirewa ake? Ashe cirewa ake yi?" Na ce e. Ta ce, "To da kun hwaɗa man ai da na ba ku. Mi nike yi da ita? Ta gama man aiki tun kina goye." Har muka iso gida ban iya duban inda take ba.

Wata biyar ta yi bayan nan. Ba zan yi wa ciwon nan ado ba, yana da wari, warin da ke kama labule da bango ya zauna a maƙogwaro. Cikin sati uku aka fitar da ita daga ɗakinta aka mai da ita na ƙarshen gida, kusa da turken awaki, wai ya fi iska. Aka ware mata kwano da moɗa. Aka dinga turara tsakar gida safe da yamma, ba don ita ba, don masu shigowa. Matan da suka sha man gyaɗarta a wankan jego suna tsayawa daga nesa su ɗaga murya, "Ya jiki, Gwaggo?" su juya kafin ta amsa. Ungozomar da ta shinshina ƙunzugu ta ce haila ce, ko sau ɗaya ba ta leƙo ba. Yaya kuma sai tafiya ta yi masa yawa, yau Funtuwa gobe Talatar Mafara.

Ni nake zuwa duk ranar da ba ni da aiki, in wanke ta in canza mata shimfiɗa. Kada ku yaba mini. Kafin in shiga nakan shafa man zafi a ƙofar hancina, in dinga numfashi ta baki. Ta gane. Wata rana ina goge mata baya ta ce, "Hita ki sha iska, malamar allura, na ga kina riƙe numhwashi." Matar da ta mare ni saboda na yamutsa wa wata fuska, ita ce ke ba ni izinin gudun warinta. Kuma na fita. Na tsaya bayan ɗaki na yi amai, na wanke baki na dawo. Ta rame har zobenta ya dinga zamewa. Rannan na tarar ta kama damtsenta tana matsawa, ta dube ni ta ce, "Ga shi na zama ke." Dariya take so in yi, na kasa.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yi addu'a an raba waina, na ga an ja Gwaggo Ƙarama gefe. Inuwar rumbun nan dai, tsofaffin nan dai su uku. Na ji ungozoma na cewa, "Ai gadonku ne, haka 'yar'uwarki ta yi. Jinin gidanku ne mai ƙarhi." Wata ta ce a kwaɓa lalle, suka kwashe da dariya, a gidan da ba a gama naɗe tabarmin makoki ba.

Ban san sanda na miƙe ba. Tsakar gida cike, surukai, jikoki, baƙin Tsafe da na Bilbis, maza kuma ga su nan bayan katanga. Na ɗaga murya yadda na tabbata har gindin dalbejiya za a ji. Na ce, "Ciwon daji na mahaifa ne ya kashe Gwaggo. Ba haila ba ce, ba ta taɓa zama haila ba. Ku ukun nan kuka ce haila ce, Baba ya yar da rabin maganar Malam a hanya, ni kuma na sani na yi shiru. Mu muka bar ta. Ga Gwaggo Ƙarama nan, wata uku tana zubar da jini, kuma kun zauna za ku sake shinshinawa. Wallahi duk wadda ta ƙara cewa lalle a gidan nan sai na tona mata abin da ba ta so."

Suruka ta saki faranti. Gwaggo Ƙarama ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ga Baba ya faɗo cikin gida ko sallama babu, abin da bai taɓa yi ba a taron mata. "Ke! Wace irin ɗiya ce ke? Ba ki da kunya?"

Na ce, "Ina da ita, Baba. Ita na yi wata bakwai."

Ya ɗaga hannu, ya sauke, ya juya ya fita. Gwaggo Ƙarama ko la'asar ba ta jira ba, ta tattara kayanta ta hau motar Tsafe tana kuka, tana cewa na tuɓe ta a gaban surukanta da jikokinta. Gaskiya ta faɗa, na tuɓe ta. Amma tunda maganar ta fita bayan katanga, 'ya'yanta maza ba su da sauran inda za su ɓuya. Kafin sati ya zagayo babban ɗanta ya kawo ta Gusau, yana huci, wai a duba ta don a rufe mini baki. Aka duba. Shimfiɗar ta yi kauri, kuma mugun abin ya fara, sai dai bai fita daga mahaifar ba. Aka tura su Sakkwato aka cire. Ta yi sati biyu a kwance ta koma ɗakinta da ƙafarta.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta, ya sa wahalar watannin nan ta zame mata kankarar zunubi. Ya yafe mata faɗanta, mu kuma ya yafe mana abin da ya fi faɗa muni. Da na yi mata rashin kunyar nan tun ranar Asabar ɗin farko, wataƙila da yanzu tana gaban kasko tana tsine mini.

Gwaggo Ƙarama dai ba ta yafe ba. Shekara guda ke nan ba ta amsa gaisuwata. Duk ƙarshen wata nakan hau motar Tsafe, in shiga in durƙusa bakin ƙofarta in ce ina wuni, ita kuma ta juya ta fuskanci bango. Zuwana na ƙarshe na tarar da ita zaune tana tsince wake, ta murmure har kumatu sun dawo. Na gaishe ta sau uku. Ba ta dube ni ba, sai ta ɗaga murya tana yi wa surukarta magana.

"Ku hwaɗa wa mara kunyar ga, ko mutuwa na yi kar ta zo wankana."

Na ce, "To, Gwaggo, na ji. Allah ya sa a daɗe ba a nemi mai wankan ba."